Manhajojin Ɗafi a Burauzar Wayar Hannu da Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya: Darasi ga Manazarta Hausa a Sakkwato

Tsakure

Da dama daga cikin rubuce-rubucen ilimi na Hausa da ke intanet ba da haruffan Hausa na ainihi aka adana su ba. A wani shafi a tarar da “qasa”, a wani “}asa”, a wani kuma “kasa”, alhali duk “ƙasa” ake nufi. Manhajar ɗafi, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza domin ƙara mata aiki, tana iya daidaita wannan ruɗani a gaban mai karatu. Sai dai Chrome, burauzar da ke zuwa cikin akasarin wayoyin Android, ba ta karɓar irin wannan manhaja, ga shi kuwa waya ce kafar da ta fi kusa da hannun ɗalibi. Wannan maƙala ta bayyana ma'anar manhajar ɗafi da yadda take aiki, ta kwatanta matsayin burauzojin waya game da ita, sannan ta fito da ƙa'idoji huɗu na ilimin harshe da ya wajaba a kiyaye wajen gina ta domin rubutun Hausa. Matsayar maƙalar ita ce, gyaran da manhajar ke yi na wucin gadi ne, kuma ba zai inganta ba sai da sa hannun masanin harshe.

Fitilun Kalmomi: burauza, manhajar ɗafi, haruffa masu ƙugiya, Unicode, Sakkwatanci

1.0 Gabatarwa

Sakkwato gari ne na takarda da alƙalami tun kafin zuwan boko. Malaman jihadi na ƙarni na 19, wato Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u, sun bar ɗimbin rubuce-rubuce cikin Larabci da Fulfulde da Hausa, waɗanda wani ɓangare nasu ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A zamanin boko kuma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nazarin Hausa ta hanyar Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa. Kundayen digiri da maƙalun taruka da mujallu da suka fito daga nan suna da yawa, kuma wasunsu sun riga sun hau intanet.

Abin da ya sauya shi ne kafar da ake isa ga waɗannan ayyuka. Tun daga 2001, lokacin da layukan wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, waya ta riƙa mamaye ayyukan da a da sai a ɗakin karatu ko a shagon intanet ake yin su. Ɗalibin da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari yana iya neman maƙala, ya karanta ta, ya kwafi abin da yake buƙata, duk a kan waya. Wayar ta fi kwamfuta araha, kuma cajin sa'a biyu kan ishe ta yini guda a inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Wannan sauƙi ya zo da tambayar da ta shafi manazarcin Hausa kai tsaye: shin abin da ɗalibi ke gani a fuskar wayarsa shi ne abin da marubuci ya rubuta, kuma shin abin da ya nema ya samu shi ne duk abin da ke akwai? Sau da yawa amsar ita ce a'a, kuma ɗaya daga cikin kayan aikin da ke iya rage matsalar ba ya samuwa a burauzar da ke cikin wayarsa.

2.0 Ma'anar Burauza da Manhajar Ɗafi

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Safari da Opera Mini. Aikinta shi ne ta karɓo shafi daga kwamfutar da ke ajiye da shi, ta fassara umarnonin da ke cikinsa, ta shimfiɗa shi a gaban mai karatu.

Abin da masu sana'ar kwamfuta ke kira ekstenshan kuwa, an zaɓi a kira shi “manhajar ɗafi” a wannan maƙala, bisa aro daga ilimin ginin kalma. Ɗafi ba ya tsayawa da kansa, sai an liƙa shi ga saiwa, kuma idan an liƙa shi yakan sauya aikin kalma, kamar yadda “ma-” da “-i” ke mayar da “noma” ta koma “manomi”. Haka manhajar ɗafi take: ba ta buɗuwa ita kaɗai, a jikin burauza take rayuwa, tana ƙara mata abin da ba a gina ta da shi ba.

Ana rubuta ta da harsunan gina shafukan intanet, musamman JavaScript. Tana ɗauke da takardar bayani wadda ke faɗin sunanta da irin iznin da take nema, da kuma umarnonin da burauza ke sakawa cikin duk shafin da aka buɗe. Waɗannan umarnoni suna iya karanta rubutun shafin, su sauya harafi, su ɓoye talla, ko su adana shafin. Sauyin yana faruwa ne a kan kwafin da ke gaban mai karatu kawai, ainihin shafin yana nan yadda mai shi ya ajiye shi.

Firefox ce ta shahara da wannan tsari tun fitowarta a 2004, Chrome ta kwamfuta ta bi sahu a 2010. A 2017 Firefox ta koma wani tsari mai kama da na Chrome, kuma a 2021 kamfanonin Apple da Google da Microsoft da Mozilla suka kafa ƙungiyar daidaita tsarin. Masu bincike sun daɗe da cin moriyar abin: Zotero, manhajar tattara manazarta da aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, a matsayin ɗafin Firefox ta fara.

3.0 Buƙatar Manhajar Ɗafi ga Rubutun Hausa

3.1 Haruffa Masu Ƙugiya

A rubuce-rubucen boko na farko an riƙa bambanta ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k ta hanyar sanya ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa. Daga shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama ta hanyar littattafan da ake bugawa a Zariya. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da jami'o'i, sai aka tarar ba ta da waɗannan haruffa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffa masu ɗauke da su, aikin da ya cike babban giɓi a lokacin.

Dabarar irin wannan zubi ita ce aron gurbi. Ana ɗaukar madannin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a sauya masa hoto. A wani salon q ta zama ƙ, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ. A wani salon kuma alamomin } da ] da ~ ne ke tsayawa a madadin ƙ da ɗ da ɓ, sannan { da [ da | su tsaya a madadin manyansu. A kan takarda babu wata matsala, amma a cikin kwamfuta harafin yana nan q ko }, kamanninsa kawai aka sauya. Da zarar an ɗora rubutun a intanet, ko an buɗe shi a wayar da ba ta da wannan zubi, sai asalin ya bayyana: “xalibai”, “vangare”, “[anfodiyo”, “ba}i”.

Tsarin Unicode ya magance wannan daga tushe, domin ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. Amma tsofaffin rubuce-rubuce ba su gyara kansu ba, kuma har yanzu akwai masu buga aiki da tsohon zubi saboda sabo. Ga kuma masu rubutu a waya da ke zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Sakamakon haka, kalma ɗaya tana yawo da siffofi aƙalla biyar: ƙasa, kasa, k'asa, qasa, }asa. Kwamfuta tana ɗaukar su a matsayin kalmomi biyar mabambanta. Mai neman “waƙa” a cikin shafin da aka rubuta “waqa” zai samu amsar babu, ya wuce aikin da yake buƙata bai sani ba. A nan ne asarar ta fi girma, domin ɗalibi na iya rubuta cewa ba a yi aiki a kan wani batu ba, alhali aikin yana nan, rubutunsa ne ya ɓoye shi.

3.2 Karin Harshen Sakkwato

Manazarcin adabin baka a Sakkwato yana da ƙarin wahala. Waƙoƙin makaɗan wannan yanki, idan an rubuta su da aminci, da Sakkwatanci ake rubuta su. A nan “fari” kan zama “hwari”, “zauna” ta zama “zamna”, “sauka” ta zama “sabka”, “auduga” ta zama “abduga”, “biyar” ta zama “biyat”, “'ya” kuma ta zama “ɗiya”. Mai neman kalma da sigarta ta daidaitacciyar Hausa ba zai same ta a irin wannan matani ba. Haka nan, ayyukan da ke fitowa daga Jamhuriyar Nijar, wadda ke maƙwabtaka da jihar ta Illela da Birnin Ƙonni, suna amfani da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

3.3 Tsadar Data da Yankewar Layi

Akwai kuma buƙatar da ba ta harshe ba. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Manhajar ɗafi mai toshe talla, irin uBlock Origin, tana rage abin da waya ke saukewa a kowane shafi. A watan Satumban 2021 kuma an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Mai binciken da zai fita irin waɗannan wurare yana amfana da manhaja irin SingleFile, wadda ke adana shafi sukutum a fayil guda domin karantawa ba tare da intanet ba.

4.0 Matsayin Burauzojin Waya

Chrome ta Android ta fito a 2012 ba tare da damar karɓar manhajar ɗafi ba, kuma haka take a wayoyi har yanzu. Akwai dalilai na fasaha: fuskar waya ƙarama ce, ma'adanarta ta aiki ba ta kai ta kwamfuta ba, kuma Android kan kashe ayyukan da ke gudana a bayan fage domin tattalin batir. Masu sharhi kuma sukan nuna cewa mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla ne, kuma masu toshe talla suna cikin manhajojin ɗafi da aka fi amfani da su. Ko ma wane dalili ne ya fi nauyi, sakamakon ga mai karatu ɗaya ne.

Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa a Nijeriya saboda tattalin data, ta shahara ne da matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso waya. Tana da abin toshe talla nata na ciki, amma ba ta da ƙofar liƙa mata wata manhaja daga waje. Haka abin yake ga Phoenix, wadda ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Samsung Internet tana karɓar masu toshe talla da wasu 'yan manhajoji da kamfanin ya tantance.

Firefox ta Android ita ce ta fi buɗe ƙofa. Da aka sake gina ta a 2020, an taƙaita ta ga 'yan manhajoji kaɗan, amma a ranar 14 ga Disamba, 2023 Mozilla ya buɗe ta ga duk mai son ginawa, da manhajoji sama da 450 a ranar farko. Daga cikin waɗanda ke aiki a kanta akwai uBlock Origin da SingleFile da Tampermonkey. Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci na musamman, domin tana ba mutum damar saka nasa gajeren umarni ba tare da ya gina cikakkiyar manhaja ba. Mai buƙata zai sauke Firefox daga Play Store, ya taɓa ɗigo ukun da ke gefe, ya shiga sashen manhajojin ɗafi, ya zaɓi wadda yake so, ya karanta iznin da take nema kafin ya amince.

Kiwi Browser ta daɗe tana ba masu Android damar saka manhajojin Chrome na kwamfuta, amma an daina kula da ita a watan Janairun 2025, aka mayar da wannan ɓangare nata zuwa Microsoft Edge, wadda ita ma ta fara karɓar zaɓaɓɓun manhajoji a Android a wannan shekarar. Darasin Kiwi shi ne, duk aikin da aka jingina ga burauza ɗaya yana iya faɗuwa ranar da masu ita suka janye.

A wayar iPhone kuwa, Safari ta fara karɓar manhajojin ɗafi daga iOS 15 a watan Satumban 2021, kuma ta App Store ake samun su. Chrome da Firefox na iPhone ba sa karɓa. Kuɗin wallafawa ma ya bambanta: Mozilla ba ya karɓar ko kwabo, Google yana karɓar dala 5 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 a kowace shekara. Ga sashen jami'a mai ƙaramin kasafi, wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna inda ya kamata a fara.

5.0 Ƙa'idojin Gina Manhajar Ɗafi ta Rubutun Hausa

Rubuta umarnin da zai mayar da q ta koma ƙ aikin 'yan mintuna ne ga mai ilimin kwamfuta. Wahalar tana ga sanin inda bai kamata a mayar ba, kuma wannan fagen masanin harshe ne.

5.1 Ƙa'ida ta Farko: Keɓe Baƙin Kalmomi

Haruffan q da x da v ba sa cikin abacadar Hausa, don haka a kalmar Hausa sauya su ba ya ɓata komai. Amma maƙalar ilimi ba Hausa zalla ba ce. Duk wanda ya saba duba jerin manazarta a kundaye ya sha cin karo da “Oɗford Uniɓersity Press”, wanda ya samo asali daga sauyin da aka yi ido rufe. Haka sunan Vischer zai koma “Ɓischer”, lambar shafi ta Romawa xiv ta koma “ɗiɓ”, juzu'i na IV ya koma “IƁ”. Dole manhajar ta tsallake lambobin Romawa da adireshin intanet da kalmomin da tsarin gaɓarsu ya saɓa wa na Hausa. Gaɓar Hausa tana da siga uku: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, da kuma baƙi da wasali da baƙi. Kalmar da ta tara baƙaƙe uku mabambanta a jere, kamar “Oxford” idan an lura x sauti biyu ce, ba ta Hausa ba ce, sai a bar ta yadda take.

5.2 Ƙa'ida ta Biyu: Bambanta Baka da Harafi

Salon } da ] da ~ ya fi haɗari ga ayyukan nazarin harshe, domin a nan baka mai kusurwa tana nuna furuci, baka mai lanƙwasa kuma tana nuna ƙwayar ma'ana. Sauyin da bai lura da wannan ba zai mayar da [a] ta koma “Ɗaɗ”. Tsarin sautin Hausa ne ke warware wannan. Baƙi mai ƙugiya galibi wasali ne ke bin sa, ko w da y kamar a “ƙwai” da “ƙyalle”, ko takwaransa idan an ninka shi kamar a “haƙƙi” da “ɗaɗɗaya”. Kalmar Hausa ba ta ƙarewa da shi. Saboda haka, alamar ] da ta zo a ƙarshen kalma baka ce, wadda ta zo kafin wasali kuma ɗ ce. Alamar [ da ke da abokiyar rufewa a ƙarshen kalma baka ce, wadda ba ta da ita Ɗ ce. Da wannan za a iya warware har “[]aya]” ta koma [ɗaya]. A Sakkwatanci sai a ƙara da ɗw, kamar a “ɗwaci”, wadda daidaitacciyar Hausa ba ta da ita.

5.3 Ƙa'ida ta Uku: Kada a Ƙaga Ƙugiyar da Aka Zubar

Inda marubuci ya rubuta k da d da b zalla, babu dokar sauti da za ta dawo da ƙugiya, domin bambancin na ma'ana ne: kafa da ƙafa, kare da ƙare, baki da baƙi, fada da faɗa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Jimlar “ya shiga fada” tana da ma'ana biyu da suka yi hannun riga, kuma mahalli ne kaɗai ke rarrabe su. Abin da ya dace a nan shi ne a raba aikin nema da aikin nunawa. Wajen nema, manhajar ta haɗe dukkan siffofi, ta yadda mai neman “ƙasa” zai ga kasa da k'asa da qasa da }asa, ya zaɓa da kansa. A wannan mataki ne za a iya saka jerin daidaito na karin harshe, kamar hw da f, ko “zamna” da “zauna”, ko ƴ da 'y. Wajen nunawa kuwa, kada ta taɓa harafin da ba ta da tabbas a kansa, kuma kada ta mayar da Sakkwatanci daidaitacciyar Hausa, domin karin harshen shi ne abin nazarin.

5.4 Ƙa'ida ta Huɗu: Kiyaye Asali

Amanar ilimi ta tanadi a kawo zance yadda mai shi ya rubuta shi. Tunda manhajar tana sauya abin da ke gaban ido, wajibi ne ta nuna alama a kan duk kalmar da ta taɓa, ta kuma samar da madannin da ke dawo da asalin rubutun nan take. In ba haka ba, mai bincike zai iya ɗora wa marubuci kuskuren da na'ura ta yi, ko ya wanke shi daga wanda ya yi da kansa.

6.0 Iyakoki da Haɗurra

Manhajar ɗafi tana aiki ne a kan rubutun shafin intanet. Maƙalu da yawa kuwa a fayil ɗin PDF suke, inda tsohon zubin haruffa ke liƙe a ciki. Ido zai ga “ƙasa”, amma idan an kwafa sai a samu “qasa”, kuma da wannan siffa injin nema ke adana kalmar. Rubutun ajami da aka ɗauka a hoto shi ma ya fi ƙarfinta, domin babu harafi a ciki, sai hoton harafi. Inda take da amfani ga ajami shi ne wanda aka buga da Unicode, domin tana iya sa a nuna shi da zubi irin Alkalami na ƙungiyar SIL, wanda aka tsara bisa salon rubutun hannu na Kano.

Haɗari mafi girma shi ne na sirri. Manhajar da aka ba iznin karanta dukkan shafuka tana iya ganin abin da ake rubutawa a shafin rajistar ɗalibai da na banki da na imel. Don haka bai kamata a saka umarnin da aka tsinta a saƙon WhatsApp ba tare da sanin wanda ya rubuta shi ba, kuma ya fi dacewa a taƙaita iznin manhajar ga shafukan da ake buƙata. A wayoyi masu ƙaramar ma'adana kuma, tara manhajoji da yawa yana sa burauza nauyi.

Ga wanda ba zai iya barin Chrome ba, akwai 'yar hanya: ana iya ajiye gajeren umarni a matsayin alamar shafi, a kira shi ta hanyar rubuta sunansa a gurbin adireshi. Yana aiki, sai dai dole a sake kiransa a kowane shafi.

7.0 Shawarwari

Na farko, sassan koyar da Hausa a Sakkwato su haɗa gwiwa da sassan kimiyyar kwamfuta wajen gina manhajar ɗafi bisa ƙa'idojin da aka ambata, a fara da Firefox ta Android, a kuma bar umarninta a buɗe domin kowa ya duba ya gyara. Tattara jerin daidaito tsakanin Sakkwatanci da daidaitacciyar Hausa shi kansa aiki ne da ya isa kundin digiri.

Na biyu, a saka wannan batu cikin darasin dabarun bincike, domin ɗalibi ya san cewa neman kalma da siffa ɗaya bai wadatar ba. Ko ba da manhaja ba, yana iya neman “waƙa” da “waka” da “waqa” ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, mujallu da makarantun karatun gaba da digiri su shardanta miƙa aiki da haruffan Unicode. Allon madannai irin Gboard da Keyman suna da haruffan Hausa, don haka uzurin da ya sa aka ari q da x da v ya kau.

Na huɗu, ɗakunan karatu, ciki har da na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su mayar da tsofaffin kundaye zuwa Unicode kafin a ɗora su a intanet, a ƙarƙashin kulawar masanin harshe, tare da ajiye kwafin asali.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rashin karɓar manhajar ɗafi a yawancin burauzojin waya ya shafi nazarin Hausa ta fuskar da ba ta shafi harsunan da haruffansu suka zo cikin kwamfuta tun farko ba. Rubutun Hausa ya shiga intanet da siffofi barkatai, kuma kayan aikin da zai daidaita su yana samuwa ne a Firefox ta Android da Safari da wasu 'yan kaɗan. An kuma ga cewa ingancin gyaran ya dogara ne ga sanin tsarin gaɓa da tsarin sauti da karin harshe. Manhajar ɗafi za ta yi wa tsofaffin ayyuka amfani har zuwa lokacin da aka gyara su daga tushe. Sababbin ayyuka kuwa, rigakafi ya fi magani: idan an rubuta su da haruffan Unicode tun daga farko, kowace waya za ta nuna su daidai, ko da ɗafi ko babu.